An ci ƙanena tara a kotun sojan Amurka, ba shi da kuɗin biya: za su ƙara masa ɗauri?

"Assalamu alaikum Barista. Ƙanena soja ne a rundunar sojan ƙasa ta Amurka. Babbar kotun soja ta same shi da laifin karɓar alawus ɗin gida da bai cancanta ba. An yanke masa ɗaurin wata 18, an sallame shi da takardar rashin ɗa'a, an kuma ci shi tarar dala 20,000, wai idan bai biya ba za a ƙara masa wata 6. Tun da aka tsare shi aka tsayar da albashinsa, ni ce ke riƙe da matarsa da yara biyu. Abin da ya mallaka tsohuwar mota ce da wani fili da ya saya a gida. Yanzu an aiko masa takarda cewa wa'adin biya ya kusa cika. Shin doka ta yarda a ɗaure mutum don kawai ba shi da kuɗi? Kuma ɗaukaka ƙara zai hana wannan ƙarin?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo sauƙi, ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar iyalinsa da kike yi.

Tambayarki biyu ce. Ta farko, ko rashin hali kaɗai na iya sa a ƙara masa wata shidan nan. A bisa doka bai kamata ba, amma sai shi ƙanen naki ya tabbatar da rashin halin, ya kuma nuna cewa ya yi bakin ƙoƙarinsa ya biya. Ta biyu, ko kotun ɗaukaka ƙara za ta cece shi. Tana iyawa, sai dai a abin da na gani cikin shekarun da na yi ina kare sojoji, yawancin irin wannan shari'a tun a zaman farko ake cinta ko a faɗi, wato zaman da za a yi don jin dalilin da ya hana shi biya. Kotun sama abin da aka rubuta a wannan zaman take karantawa. Don haka a can zan fi tsayawa.

Daga ina wata shidan nan suka fito

Sojan Amurka da dokarsa ta daban ake hukunta shi, wadda ake kira UCMJ. Majalisa ta kafa ta a 1950, ta fara aiki a 1951. A ƙarƙashinta akwai kundin ƙa'idojin kotunan soja, kuma ƙa'ida mai lamba 1003 a cikinsa ita ta ba kotu damar cin tara, ta kuma haɗa da sharaɗin cewa in ba a biya ba za a ƙara wani ɗauri ƙayyadadde wanda ake ganin ya yi daidai da nauyin tarar. To wata shidan da kike ji ba sabon hukunci ba ne da wani zai ƙirƙiro daga baya. Suna cikin hukuncin tun ranar da aka karanta shi, an dai jingine su ne ana jira a ga ko zai biya.

Mutane kan haɗa tara da yanke albashi, alhali daban suke. Yanke albashi wata-wata yake tafiya, daga abin da zai shigo. Tara kuwa bashi ne da gwamnati ke bin mutum gaba ɗaya da zarar an shigar da hukunci. Kundin ma ya ba da shawarar cewa a al'ada ba a cin soja tara sai in ya amfana da dukiyar da ba tasa ba, shi ya sa ta fi yawa a shari'o'in alawus ɗin gida, da kuɗin tafiye-tafiye, da sayar da kayan gwamnati. Shawara ce dai, ba tilas ba. A shari'ar Stebbins ta 2005 kotun ƙolin soja ta bar tarar dala 75,000 a kan mutumin da laifinsa ba na kuɗi ba ne.

Ga inda abin yake ɗaure wa iyalai kai. Sashe na 58b na dokar ya ce wanda babbar kotun soja ta ɗaure fiye da wata shida, ko ta ɗaure shi ta kuma kore shi, albashinsa da alawus ɗinsa duka za su tsaya muddin yana tsare, kuma hakan kan fara kwana 14 bayan yanke hukunci. Dokar da ta tsayar da albashin ita ce kuma ke cewa kawo dala 20,000. A ganina wannan shi ne hujja mafi ƙarfi da ke hannunsa, kuma bai kamata a ji kunyar faɗinta ƙarara a gaban jami'in da zai saurare shi ba.

Abin da kotuna suka ce game da wanda ba shi da shi

Tushen maganar daga kotunan farar hula ya zo. A 1970, a shari'ar Williams da jihar Illinois, Kotun Ƙolin Amurka ta hana a ci gaba da tsare mutum fiye da iyakar ɗaurin da doka ta tanada don kawai ya kasa biyan tara. Shekara ɗaya bayan nan aka yi shari'ar Tate, wani mutum a birnin Houston da tarar laifukan tuƙi ta taru a kansa har dala 425, aka ce ya biya da zaman kaso a kan dala 5 kowace rana, kwana 85 ke nan. Kotun ta ce ba a yin haka.

Wadda ta fi shafarku ita ce shari'ar Bearden da jihar Jojiya ta 1983. An ci Bearden tarar dala 500 da diyyar dala 250. Ya ranto dala 200 daga iyayensa ya biya, sai aka sallame shi daga aiki. Mutumin bai iya karatu ba, ya nemi wani aikin bai samu ba, kotu ta tura shi gidan yari. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta hukuncin Kotun Ƙoli, kuma abin da ta shimfiɗa shi ne dole alƙali ya binciki dalilin rashin biya. In mutum yana da hali ya ƙi, ko bai yi ƙoƙari na gaskiya wajen neman aiki ko rance ba, ana iya ɗaure shi. In ya yi ƙoƙarin ya kasa, sai an fara duba wasu hanyoyin, kamar ƙara masa lokaci ko rage kuɗin, kafin a yi maganar ɗauri.

Sojoji sun ɗauki wannan suka sa a ƙa'ida ta 1113. Ma'anarta ita ce ba za a zartar da ɗaurin madadin tara ba idan wanda aka yanke wa hukunci ya nuna ya yi ƙoƙari da zuciya ɗaya amma talauci ya hana shi, sai fa in mai hurumin yanke shawara, bayan ya sanar da shi ya kuma saurare shi, ya ga babu wani hukuncin da zai wadatar. Ki lura da wanda aka ɗora wa nauyin kawo hujja. Ƙanenki ne zai nuna, gwamnati ba ta da aikin tabbatar da cewa yana da kuɗi. Ki kuma lura da wannan ƙofa ta ƙarshe: ko an yarda talaka ne, ba a rufe maganar ɗauri gaba ɗaya ba, an dai ƙuntata ta.

Shari'o'i uku na kotun ƙolin soja sun nuna yadda abin ke kasancewa a aikace. A ta Tuggle, 1992, sojan ya nemi a bar shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, kwamanda bai duba tayin yadda ya kamata ba ya sa aka ɗaure shi, kotu ta ce kwamandan ya yi kuskure. A ta Palmer, 2004, tarar dala 30,000 ce da sharaɗin ƙarin wata 12. Ya biya kaso mafi yawa, saura dala 7,825, amma bincike ya nuna yana da halin cikawa bai yi ba, aka ba shi kwana 95 daidai da abin da ya rage, kotu ta tabbatar. A ta Phillips, 2007, wani manjo ne na sojan kundumbala da aka ci tarar dala 400,000 da sharaɗin shekara biyar. An gano ya karkatar da kadarorinsa, ya zo da tayin biya kashi-kashi, kotu ta ce tunda ba talaka ba ne kuma da gangan ya ƙi biya, babu wanda ya wajaba ya duba tayinsa.

Tuggle da Phillips duka biyun sun ce a bar su su biya a hankali. Abin da ya raba su shi ne abin da takardun kuɗinsu suka nuna game da halinsu kafin ranar zaman. Ta Palmer kuma akwai darasi mai amfani a cikinta: abin da aka biya bai tafi a banza ba, don an rage kwanakin gwargwadonsa.

Zaman sauraro, da abubuwan da ke kayar da mutanenmu

Yawanci kwamandan da ke da hurumi zai naɗa jami'i guda ya saurari maganar. Ba babban zauren kotu ba ne. Sau da yawa ɗaki ne ƙarami a gidan yarin soja, tebur ɗaya, jami'in da tarin takardun banki a gabansa, ya riga ya bi su layi-layi da alƙalami mai launin rawaya. Duk inda kuɗi masu kauri suka fita, akwai alama, kuma a kan kowace alama zai yi tambaya.

Na taɓa tsaya wa wani ɗan Afirka ta Yamma wanda kusan duk alamomin da ke takardunsa kuɗin da yake aikawa gida ne. Jami'in bai san wannan rayuwar ba. A idonsa, mutumin da ake bincike yana tura kuɗi ƙasar waje ɓoye dukiya yake yi. Abin da ya fitar da mu shi ne mun kawo bayanan banki na shekarun baya, tun kafin a fara bincike, suka nuna kusan adadi ɗaya yake aikawa kowane wata, ya ɗan ƙaru lokacin azumi da babbar salla. Muka haɗa da rasit ɗin asibitin mahaifiyarsa da fassararsu. Da a ce aike ɗaya ne babba, mako guda bayan an tuhume shi, da labarin ya sha bamban.

Saboda haka, daga yau kada a taɓa komai nasa a ɓoye. Kada a mayar da motar sunan matarsa, kada a sayar wa ɗan'uwa ita a kan kuɗin goro, kada a kwashe abin da ya rage a asusu a kawo miki ajiya. Da kyakkyawar niyya ake yin irin wannan, don a tsare wa yara abin kaɗan da ya rage, amma shi ne ainihin abin da ya kayar da Phillips.

Filin nan na gida shi ya fi damuna a tambayarki. Za a sami masu ba ku shawarar ku yi shiru a kansa, wai wa zai sani. Kada ku saurare su. Kuɗin da aka saye shi da su ta banki suka fita, kuma in aka kama shi da ɓoye abu ɗaya, duk sauran maganarsa ta zube, ga kuma haɗarin sabon laifi na yi wa hukuma ƙarya. A bayyana filin, a samo takardarsa, a sa wanda ya san farashin filaye a unguwar ya rubuta ƙimarsa a yau, a juya ta zuwa dala. Sau da yawa in an juya, abin da ake gani babba a gida ba ya kai rabin tarar. A kuma nuna cewa an ba dillalai cigiyar mai saye, da kwanan wata, a bayyana wa jami'in cewa fili a can ba ya sayuwa cikin kwana talatin sai dai a yi asara. Ina sane cewa sayar da fili abu ne mai ciwo, wataƙila shi ne kaɗai abin da ya tara a shekarun aikinsa. Amma mai fili da ya ƙi sayarwa, da wuya a rubuta shi a matsayin wanda ba shi da hali.

Sai maganar rance. Tunda hukuncin Bearden ya ambaci ƙoƙarin neman rance, jami'ai kan tambaya: ka nemi bashi a banki? Wanda aka ɗaure aka kora ba bankin da zai ba shi, amma takardar ƙin amincewar ita kanta hujja ce. In ƙanenki yana gudun bashin ruwa saboda addini, kada ya bar wurin babu amsa. Ya faɗi dalilinsa, ya nuna ya nemi rance marar ruwa wurin dangi ko jama'ar masallaci, da abin da aka samu da abin da ba a samu ba, a rubuce. Ku kuma dangi, doka ba ta tilasta muku biyan tarar wani ba. In kun ga dama kun haɗa wani abu, ya tafi kai-tsaye a matsayin biyan tara, a karɓi shaida.

Abin da zan so ya shiga ɗakin da shi: bayanan asusunsa duka, takardar albashi da ke nuna an tsayar, jerin basussukan da ake binsa, kuɗin haya da abincin yara, ƙimar motar da bashin da ke kanta in akwai, maganar filin, da tayi a rubuce mai adadi da ranaku. "Zan biya in Allah ya hore" magana ce ta gaskiya a wurinmu, amma jami'in ba shi da inda zai rubuta ta. Abin da zai iya rubutawa shi ne dala kaza yanzu, dala kaza duk wata daga wata na biyu bayan fitowa, ga wasiƙar wanda ya yi alkawarin ba shi aiki. Ya biya wani abu kafin wa'adin ya cika, ko kaɗan ne, ya kuma nemi ƙarin lokaci a rubuce tun wa'adin bai wuce ba. Tun ran gini ran zane. Kuma kada ya shiga shi kaɗai, ya nemi ofishin lauyoyin kare sojoji su ba shi lauya, ba a biyan ko sisi.

Idan an faɗi a can

Tunda an sallame shi da takardar rashin ɗa'a, shari'arsa za ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sojan Ƙasa da ke Fort Belvoir a jihar Bajiniya ko bai nema ba, sai in shi ya sa hannu ya yafe. Kada ya yafe. Sashe na 70 na dokar UCMJ ya ba shi lauyan ɗaukaka ƙara kyauta, kuma wannan lauyan daban yake da wanda ya kare shi a shari'ar farko. A sanar da shi maganar tarar yau, kada a jira sai an zartar da ɗaurin.

Hujjojin da ke da nauyi a can kaɗan ne. Akwai cewa ba a sanar da shi ba ko ba a saurare shi ba. Akwai cewa an yarda ba shi da hali amma ba a duba wata hanyar ba, irin ta Tuggle. Akwai lissafi: in aka haɗa wata 18 da wata 6, shin sun wuce iyakar da doka ta yarda, ko iyakar da aka sa a yarjejeniyar amsa laifi in ya yi ta? Wannan na ƙarshe lauyoyi kan tsallake shi, alhali karanta takarda ɗaya ne. Ana kuma iya ƙalubalantar girman tarar kanta, ko da yake ga laifukan da aka aikata bayan 27 ga Disamba 2023 an sauya tsarin yanke hukunci, damar kotun sama ta rage hukunci don kawai ta ga ya yi tsauri ta ragu. Ranar da aka aikata laifin ke nuna wane tsari ya hau kansa.

Abin da ba ya cin nasara shi ne a je a ce jami'in bai yarda da maganata ba. Muddin akwai hujja mai ma'ana a rubuce da ta goyi bayan abin da ya gano, kotun sama ba ta cika taɓawa ba. In kuma ƙanenki yana da wata magana da lauyansa ke ganin ba ta da ƙarfi, tun shari'ar Grostefon ta 1982 yana da haƙƙin a gabatar da ita da sunansa.

Bayan wannan kotun sai kotun ƙolin soja da ke Washinton, wadda ake kira CAAF, mai alƙalai biyar farar hula da ke yin wa'adin shekara 15. Kwana 60 ne kacal na shigar da buƙata, kuma ita ke zaɓar ƙarar da za ta saurara. Kotun Ƙolin Amurka tana sama da ita, amma da ƙyar take karɓar shari'ar soja. Ana iya zuwa kotun tarayya ta farar hula a ƙalubalanci tsarewar, sai dai tun hukuncin Burns na 1953 in kotunan soja sun riga sun duba magana sosai, alƙalan farar hula ba sa sake buɗe ta.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce ɗaukaka ƙara ba ya dakatar da ɗauri, kuma yakan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Mutum na iya cinye wata shidan kafin alƙalai su buɗe fayil ɗinsa. Shi ya sa nake cewa a haɗa da neman sassauci daga hukumar afuwa ta rundunar, ana yin biyun tare.

Abubuwa uku na gefe

In aka zartar da ɗaurin, lauya ya tabbatar umarnin ya faɗi a sarari cewa ragowar tarar ta faɗi, tunda ɗaurin a madadinta yake. Amma kuɗin alawus ɗin da ya karɓa ba bisa ƙa'ida ba bashi ne daban, ofishin kuɗi na ma'aikatar tsaro zai iya ci gaba da binsa ko an gama da tara. Ku sa shi cikin jerin basussukan da za a nuna wa jami'in.

Doka ta ba kwamanda damar barin albashin da aka tsayar ya tafi wurin mata da yara har na wata shida. Da wuri ake nemansa, bayan yanke hukunci. Ki tambayi lauyan ko an nema, da amsar da aka bayar.

Ba ki faɗi ko ƙanenki ya riga ya zama ɗan ƙasa ba. In katin zama kawai gare shi, hukuncin sata mai ɗaurin shekara ɗaya ko fiye, ko zamba da asararta ta haura dala 10,000, na iya kai shi ga kora daga ƙasar. In kuma ta hanyar aikin soja ya sami zama ɗan ƙasa bai cika shekara biyar na aiki mai kyau ba kafin wannan sallamar, ana iya neman karɓe ta. Wannan fannin ba nawa ba ne, ku ga lauyan shige da fice tun yana tsare.

Ban ga takardar hukuncin ba, ban ga yarjejeniyar amsa laifi ba in akwai, kuma kalma ɗaya a cikinsu na iya sauya wani abu daga abin da na faɗa. Ki ce masa ya ba lauyansa izini a rubuce ya yi magana da ke, don ba tare da wannan izinin ba lauyan ba zai gaya miki komai ba. Takardar da aka aiko masa kuwa, a duba ranar da wa'adin zai cika, a kai wa lauyan kwafinta cikin makon nan.